Kwamfutar da Ta Danne Muryar Matata

Shekarar da matata ta tafi ƙaro karatu Malesiya, ni ina zaune a Lugbe, gefen Abuja, ciki da falo, can inda kwalta ta ƙare. Zamanin ne da kuɗin mai ke shigowa kamar ba za su yanke ba, farar hula sun zauna da gindinsu a kan mulki, kowace hukuma tana tura ma'aikatanta waje neman ilimi. Ita mai haɗa magunguna ce a wani asibiti a Zariya, sunanta ya fito cikin masu tafiya. Muka yi murna ta gaske. 'Yarmu ba ta daɗe da shiga makarantar yara ba, aka bar ta a hannun kakarta.

Ni injiniyan ruwa ne a wata ma'aikatar tarayya. Dama can zaman Abuja na ranakun aiki ne a wurina. Juma'a ana saukowa daga masallaci in kama hanyar Kaduna, Lahadi da yamma in dawo. Da ta tafi sai Juma'a ta zama ranar da kowa ke sauri ban da ni. Nakan leƙa Zariya jefi-jefi, in zauna a falon surukaina kamar wanda ya zo gaisuwa, a kawo mini abinci a rufe, yarinyar ta ɗan hau cinyata ta sauka ta koma cikin 'yan uwanta. Sauran makonnin ina Lugbe. Ɗakin ba komai sai katifa, da darduma, da risho, da tebur guda. Ta taga nake jin jiragen sama suna wucewa ƙasa-ƙasa za su sauka.

Kiran waya zuwa can ba abin daɗewa ba ne a lokacin. Ka gaisa, ka tambayi lafiya, kafin ka kai ga abin da ke ranka kati ya ƙare. Ita ce ta gaya mini ɗaliban da ke can duk ta kwamfuta suke magana da gida, har ana ganin juna. Sai aka yi dace ofishinmu ya sauya kwamfutoci, aka yi wa ma'aikata gwanjon tsofaffin. Na ɗauki guda, irin ta tebur, mai ƙaton akwati da allo mai ƙeya, aka haɗa mini da wasu ƙananan sifiku biyu masu launin toka. Na sayi kyamara 'yar mitsitsiya mai makirufo a jikinta, da modem ɗin da ake saka wa layin waya.

Wanda ya haɗa mini ita wani abokin aikina ne ɗan Filato, shi ke kula da kwamfutocin sashenmu. Mutum ne mai fara'a, Hausarsa ta Jos ce tsantsa. Ya zo har Lugbe wata Asabar, ya goge duk abin da ke cikinta, ya zuba mata wani tsari daban da wanda muka saba da shi a ofis.

"Oga, wannan kyauta ne, kuma ba ya kama cuta," in ji shi, yana taɓa maɓallai ba ya ko duba hannunsa. "Mutane ne a duniya suka haɗu suke yin sa don kowa ya amfana. Tsohon inji irin wannan, shi ne daidai da shi."

Na ce, "In ta lalace fa?"

"Ba ga ni ba?"

Ba a jima ba wani kamfanin waya ya ɗauke shi, ya tattara ya koma Legas. Haka zamanin yake, duk wanda ya iya kwamfuta ba ya tsufa a aikin gwamnati.

Mun tsayar da Asabar da Lahadi ranakun hira. Idan hantsi ya ɗaga a nan, can magariba ta gabato, ta dawo daga ɗakin karatu. Ranar farko na yi wanka, na sa riga mai kyau, na zauna gaban teburin kamar mai jiran ganawa da babban sakatare. Hotonta ya fito, da ɗan kwali ruwan ƙasa, bayanta farin bango. Ta yi murmushi, bakinta ya motsa. Sai na ji wani abu kamar kukan sauro a bayan gidan sauro.

"Ƙara murya," na ce. "Ba na jin ki sosai."

Ta matso kusa, na ga jijiyar wuyanta ta tashi. Da na kafa kunne a jikin sifika ɗaya sai na tsinci abin da take cewa: "Malam, ihu nake yi fa. Abokiyar ɗakina har ta juyo."

Na murɗa maɓallin sifikun har ƙarshe. Na kai linzamin kwamfuta kan ɗan hoton lasifikar da ke kusurwar allo, na ja ma'aunin murya har ya tuƙe. Ba abin da ya ƙaru sai wani huci. Haka muka yi hirar ranar, kunnena a manne da sifika, fuskata a juye ga bango. In ina jin ta ba na ganin ta, in ina ganin ta ba na jin ta. Ita kuwa abin da take gani a nata allon gefen kaina ne da kafaɗa.

Na ɗauka sifikun ne suka tsufa. Na je kasuwar Wuse na sayo sababbi, mai shagon ya gwada mini su har maƙwabtansa suka yi ƙorafi. Na kawo gida na jona, muryar tana nan yadda take. Na kira abokina na Legas. Sau biyu bai ɗauka ba, na uku ya ɗauka cikin hayaniyar motoci.

"Oga, duba ko ka saka wayar a kore ne. Akwai rami kore, akwai ja."

"A kore take."

"To kashe ka kunna. Zan kira ka, muna shiga taro."

Bai kira ba, ni ma ban ga laifinsa ba. Sabon aiki ne.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, kwamfutar ba ta tsaya a kan hali ɗaya ba. Wata rana in na kunna karatun Alƙur'ani da safe kafin in fita, sai ya fito ras, ya cika ɗakin. In dawo da yamma in kunna ta, sai in tarar ya koma raɗa. Na fara yi mata kallon mai rai, mai ranar daɗi da ranar fushi. Akwai makon da na ƙi kashe ta don na same ta a kan daidai ranar Alhamis, ina lallaɓa ta ta kai Asabar. Juma'a da rana aka ɗauke wuta.

Maƙwabciyata ta ɗakin da ke manne da nawa 'yar Nasarawa ce, tana saro kifi a kasuwar Kado, ta banda shi a bayan gida, ta kai bakin titi da yamma. Mijinta direban babbar mota ne, sai a yi makonni ba a gan shi ba. Tana da jinjira. Tsakaninmu ba abin da ya wuce ina kwana da sannu da aiki.

Wata Asabar bayan azahar, mun gama hirar rabi da rabi da matata, sai na buɗe wani ɗan bidiyo da ƙanwarta ta aiko mini, na 'yarmu tana rera abin da aka koya musu a makaranta. Manhajar kallon tana da nata ma'aunin murya, na gan shi ƙasa, na ɗan ja shi sama. Ban san abin da ya faru ba. Muryar yarinyar ta fashe a ɗakin kamar an kunna lasifikar masallacin Juma'a a cikin kunnena. Teburin ya yi rawa. Na zabura na ture kofin shayi, na rasa ma abin da zan taɓa, daga ƙarshe na fizge wayar sifikun daga bango. Shiru ya dawo, sai kukan jinjira ta bayan bango.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ita ce, da ɗiyar a kafaɗa tana jijjigawa. Na fara ba ta haƙuri tun kafin ta buɗe baki.

"Oga, yanzu yanzu ya yi barci fa," ta ce. Hausarta irin ta Abuja ce, mace da namiji duk ɗaya. Sai ta leƙa ta bayana. "Yaro ya zo ne?"

"A'a, kwamfuta ce. 'Yata ce a ciki, tana Zariya."

"Ehen. Ni na ce. Tun da ka zo gidan nan ban taɓa jin hayaniyar mutum a ɗakinka ba. Ni da maigida muna cewa ko oga yana ciki, ko ya yi tafiya, ba a sani ba."

Ba da wata manufa ta faɗa ba, har tana dariya. Ta tafi tana lallashin ɗiyarta. Na rufe ƙofa na tsaya da tsumma a hannu ina kallon shayin da ya malale a kan tebur. Maganar ta daɗe tana yi mini yawo a kai. Na lissafa a raina, daga tashi ofis ranar Juma'a zuwa Litinin da safe, in ban da sallama a masallaci da cinikin burodi, bakina ba ya buɗuwa sai a gaban wannan injin da ba ya bari in ji amsa.

Daga ranar na ɗauki abin da gaske. A ofis, lokacin da abokan aiki suka fita cin abinci, sai in zauna ina bincike a intanet. Na gano akwai dandali inda masu amfani da irin wannan tsarin ke taruwa, kowa ya kawo kukansa. Na sha mamakin yawan masu irin ciwona. Wani a wata ƙasa mai sanyi yana cewa muryar ta kusa fasa masa kunne yana sanye da abin jin sauti na kunne. Wani yana cewa tasa kullum sai ta koma ƙasa in ya kunna. Shafi bayan shafi, wasu an amsa musu, wasu tambayarsu na nan ita kaɗai shekara da shekaru, ba wanda ya tanka.

Na yi rajista na rubuta tawa da Turancin ofis, har da gaisuwa a farko da godiya a ƙarshe. Amsar farko ta zo washegari, layi ɗaya: an sha yin wannan tambayar, in bincika kafin in dami mutane. Na ji kunya kamar an tsawata mini a bainar jama'a, duk da ba wanda ya san fuskata. Na rufe shafin. Bayan kwana biyu na sake buɗewa, sai na tarar wani ya rubuto dogon bayani. Ban san sunansa na gaskiya ba, ban san ƙasarsa ba, ban ma san ko namiji ne ko mace ba. Hoton kyanwa ne a gefen rubutunsa.

Shi ya fahimtar da ni cewa murya a irin wannan kwamfutar ba ƙofa ɗaya take bi ba. Kowace manhaja tana da nata ma'auni. Daga nan sautin ya faɗa hannun wata manhaja da ba a ganin ta, wadda suke kira sabar sauti, aikinta ta karɓi sauti daga ko'ina ta haɗa ta miƙa. A ƙarƙashinta kuma akwai na'urar sautin kanta da ke cikin akwatin, ita ma da nata ma'aunai da yawa. Da na karanta sai na gane, don aikina ke nan: in famfo uku suna jere a kan bututu ɗaya, ko ka buɗe biyu har ƙarshe, muddin na ukun a tsuke yake, ɗigo za ka samu.

Ya ce in buɗe baƙar tagar nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni, in rubuta wata kalma. Na kwafe ta a bayan wata takarda na tafi da ita gida. Da na rubuta sai ga wasu sanduna a tsaye a jere, masu launi, kowace da suna a ƙasanta. Ta farko a cike take. Ta biyu kuwa tana can ƙasa, ko rubu'i ba ta kai ba. Na matsa kanta na dinga danna kibiyar sama, ina kallon ta tana hawa daga kore zuwa fari zuwa ja. Na kunna karatu. Ya fito tas. Na tashi tsaye a tsakiyar ɗaki ni kaɗai ina murmushi, na rasa wanda zan gaya wa.

Murnar ba ta kwana ba. Da na kashe na kunna, sandar ta koma inda take.

Matata ta fara sa baki a cikin maganar. Kowace Asabar, bayan gaisuwa da labarin yarinya, sai ta ce, "Yaya mai jikin?" Kwamfutar take nufi. In ba ta labarin sanduna da mai hoton kyanwa, ita kuma ta kawo shawarar wani ɗan ajinsu, ko ta ce in kai ta wajen masu gyara a mayar mata da tsarin da kowa ya sani. Na taɓa kai tambaya wani shago a bakin titin Lugbe, mai shagon ya ce shi bai taɓa aiki da irin wannan ba, amma zai iya goge komai. Na ƙi. Ba zan iya cewa ga dalili ba. Wataƙila taurin kan injiniya ne. Wataƙila kuma don shi ne kaɗai abin da nake dawowa gida in tarar yana jirana.

Mai hoton kyanwa ya sake rubutowa. Ya ce sabar tana da tunani. Tana ajiye yadda ta ga kowane ma'auni a wani ɓoyayyen wuri, duk lokacin da aka kunna kwamfuta sai ta mayar da komai yadda ta sani, ko da abin da ta sani ɗin kuskure ne. Sannan akwai wani saiti da ke ɗaure muryar kowace manhaja da babban ma'aunin gaba ɗaya, shi ya sa da na ja na bidiyo sai komai ya tashi tare. Magani biyu ya ba ni: in goge wancan ɓoyayyen wurin don ta manta, in kuma buɗe fayil ɗin saitinta in nemi layin da ke ɗaure muryoyin, in mayar da "e" ta koma "a'a".

Na yi na farko lafiya. A na biyun ne hannuna ya goce. Fayil ɗin dogo ne, layuka birjik, kowanne da wata 'yar alama a gabansa. Na cire ta inda ya ce, na canza kalmar, na adana, na kashe na kunna. Ɗan hoton lasifikar da ke kusurwa ya koma toka-toka. Na kunna karatu, ba raɗa, ba huci, ba komai. Na buɗe jerin na'urorin sauti, ba ko ɗaya sai wani suna da ke nufin babu. Ranar Juma'a ce da yamma.

Asabar ɗin nan ba na son tuna ta. Hotonta ya fito, ta yi sallama, na ga bakinta ya yi sallamar. Ita ma ba ta ji na, don makirufon ya mutu tare da sauran. Muka koma rubutu a ɗan akwatin da ke gefe. Na rubuta mata abin da ya faru. Ta rubuto, "Likita ya kashe maras lafiya." Na ga tana dariya, kafaɗunta suna rawa, ta rufe baki da hannu. Dariyarta na daga cikin abin da ya sa na aure ta, ga ta a gabana, ban ji ko ɗigonta ba. Daga baya ta rubuto cewa ta yi zazzaɓi a tsakiyar mako amma ta warware. Na dubi fuskarta da kyau, na ga ta faɗa. Da ina jin muryarta da na san ko gaskiya ta warware. A rubuce kuwa kowa lafiyarsa ƙalau. Ba mu daɗe ba ta ce za ta kwanta. Ta ɗaga hannu, na ɗaga, allon ya koma shuɗi.

Na fita ba don ina da wurin zuwa ba. Na taka har babban titi, na tsaya ina kallon motoci masu zuwa filin jirgi, sababbi fil, wasu ko lamba ba a sa musu ba. Ko'ina gini ake yi, tifofi suna shiga da yashi suna fita. Gari yana ta cika, ni ban san kowa a cikinsa ba sai mutanen ofis, su ma kowa ya tafi wajen iyalinsa. Na sayi masara gasasshiya na dawo da ita a hannu ban ci ba.

Litinin na rubuta wa mai hoton kyanwa. Bai amsa ba. Talata ma haka. Bai sake amsawa ba har yau, ban san abin da ya same shi ba, ko aiki ne ya yi masa yawa, ko ya gaji da ni. Amma a rubutunsa na baya ya taɓa cewa in sabar ta ƙi tashi, a tashe ta da hannu a baƙar taga, za ta faɗi abin da ke damun ta. Na dawo daga aiki da sauran rana, na zauna na yi haka. Rubutu ya zubo, yawancinsa ban gane ba. Can kusa da ƙarshe na ga ta ambaci fayil ɗin da na taɓa, da lambar layi. Na buɗe na ƙirga zuwa wurin. Ashe garin goge 'yar alamar na haɗa da harafin farko na kalmar. Harafi ɗaya ne ya hana ta tashi. Na mayar da shi, na adana, na sake ɗaga sandar nan ta biyu, na kashe kwamfutar.

Na daɗe ban kunna ba. Na yi alwala na je masallaci na dawo, sannan na danna. Hoton lasifikar ya fito da haskensa. Na duba sandar, tana nan inda na bar ta. Na kashe na sake kunnawa, tana nan. Na buɗe bidiyon yarinya na ja ma'auninsa sama da ƙasa, shi kaɗai ya motsa, babban bai bi shi ba. Na koma dandalin na rubuta yadda aka yi dalla-dalla, har da kuskurena, don wani mai zuwa. Na yi wa mai hoton kyanwa godiya. Ba wanda ya rubuta komai a ƙarƙashi.

Ban gaya mata ba, na bari sai Asabar. Da hotonta ya fito ta cika ƙirji za ta yi ihun da ta saba.

"Assalamu alaikum!"

"Wa alaikumus salam. Yi a hankali, Malama, ina jin ki."

Ta tsaya. "Kana ji na? Haka?" Ta rage murya. "Haka fa?"

"Har fankar ɗakinku ina ji."

Na jingina da kujera, karo na farko ina kallon ta ina kuma jin ta. Muryarta ta ɗan dishe, ragowar zazzaɓin ne. Ina jin ƙarar cokali a kofi, abokiyar ɗakinta tana magana da wani yare a waya, wani babur ya wuce a ƙasan benensu. Muka yi maganar yarinya, muka yi ta jarrabawarta, na tambayi jikinta ta gaya mini gaskiya a wannan karon, cewa har ruwa aka ƙara mata. Na yi faɗa kaɗan don ta ɓoye mini. Ta ba ni haƙuri.

Sai magana ta ƙare.

Ban taɓa zaton haka ba. Watanni muna fama, ina ganin da zarar murya ta gyaru hira za ta ɓalle kamar da. Ashe rabin hirar tamu dama a kan kwamfutar take, sauran rabin kuma "me kika ce?" da "maimaita". Yanzu hanya ta buɗe, ba kayan da za a ɗora mata. Ranakuna iri ɗaya ne, ofis, go-sulo a hanyar filin jirgi, ɗaki. Nata ma haka, aji, ɗakin gwaje-gwaje, ɗaki. Mutanen da take ambata ban san su ba, nawa ma ba ta san su ba. Muka zauna muna kallon juna, tana gyara ɗan kwali, ina juya biro.

"To," ta ce.

"To," na ce.

Ta yi ɗan murmushi, amma idonta ya kawo ruwa. "Malam, a gida ma ai ba hira muke yini muna yi ba. Kana falo da jaridarka, ina kicin. Ni motsinka kawai nake so in ji."

Na ce, "To kar ki kashe. Yi karatunki."

"Kai fa?"

"Ina da guga."

Haka muka koma yi har ta gama karatunta. In kunna, mu gaisa, mu faɗi abin da ke akwai, sannan kowa ya kama harkarsa. Na shimfiɗa bargo a ƙasa ina gugar kayan mako, ita tana bisa teburinta da littattafai. Ina jin buɗe shafi, da tsakin da take yi in abu ya ƙi shiga, wani lokaci ta karanta sunan wani magani da ƙarfi don ta haddace. Can sai ta ce, "Kana nan?" In ce, "Ina nan." Modem ɗin yakan yanke, in sake haɗawa, mu ci gaba ba tare da an ce komai ba. Ba zan ce kewa ta tafi ba. Ranakun aiki suna nan yadda suke, kuma duk lokacin da aka kashe, shirun ɗakin yakan fi na da. Da ta dawo ƙasar ma asibitinta na Zariya ta koma, na ci gaba da bin hanyar Kaduna shekaru kafin mu haɗu a gari ɗaya.

Akwai wata Lahadi cikin damina da na fi tunawa. Jarrabawarta ta ƙarshe ta matso, mun daɗe a haɗe fiye da kullum. A nan rana ta karkata, ana shirin kiran la'asar. Na gama guga ina ninke riguna, sai na lura na jima ban ji buɗe shafi ba. Na ɗago. Ta kifa kai a kan littafi, hannunta ɗaya a ƙarƙashin kumatu, barci ya sace ta. Ana ruwa a can, ina jin sa yana dukan tagarsu, a ƙarƙashinsa kuma numfashinta, a hankali, yana fita yana shiga. Na kai hannu na ɗan ƙara muryar, ta ƙaru daidai yadda na so. Na zauna a bakin katifa da riga a cinyata ban ninke ba.

Ban tashe ta ba. Ina nan zaune aka ɗauke wuta, allon ya mutu, fankar cikin akwatin ta yi juyinta na ƙarshe ta tsaya. Na ƙarasa ninke rigar, na ɗora ta a kan sauran, na ɗauki buta.